Filin Rani, Gidan Damina: Haɗarin Ambaliya da Maganar Inshorar Gida

Cikin bazara ne, rana ta take, wani ƙanena ya matsa sai na raka shi ganin filin da dillali ya samo masa a bayan gari. Fuloti ne ƙafa 50 da 100, a shimfiɗe kamar faranti, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da ake sayar da irinsa a tsallaken titi ba. Dillali sai zuba yake yi: "Alhaji, wurin nan nan da shekara biyu ko ka zo da kuɗi ba za ka samu ba. Ka ga dai yadda gini ke tahowa."

Ni kuwa ƙasar nake kallo. Baƙar laka ce, ta bushe ta dare, tsagar har yatsa na shigewa. Na sa ƙafa na ture wani ɓangare, sai ga ɓawon katantanwa birjik. Katangar maƙwabci, wadda ita kaɗai ce a tsaye a layin, tana da wani zane mai duhu da ya miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan, daidai bulo na huɗu, kamar an ja shi da igiyar magina. Can gefe wani dattijo yana kiwon tumaki, muka ƙarasa muka gaishe shi.

"Baba, nan wurin da me ake shukawa?"

"Shinkafa mana, ɗana. Gero ba ya yi a nan. In Agusta ta raba, ruwa iya cinya."

Dillali ya yi dariya ya ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu za a kawo kwalbati. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, in na cike shi da jar ƙasa fa? Kuma na ji ana yi wa gida inshora." Tambayoyin nan biyu su ne na ga ya kamata a warware su a tsanake, domin dubban mutane na yin su kowace shekara, yawanci bayan sun riga sun biya kuɗin fili.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne kalmar ambaliya kanta. Muna kiran komai da suna ɗaya, alhali ruwan da ke cin gida iri-iri ne, kuma kowanne da hanyar da yake bi.

Akwai ruwan kogi, wanda ba sai an yi ruwan sama a garinku ba zai same ku. Mutanen Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja sun san wannan sarai. Ruwan da ke shiga gonakinsu da gidajensu daga Kano yake gangarowa, ta Kogin Kano da Kogin Challawa, waɗanda aka datse da dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992. Idan damina ta yi nauyi dam ya cika ya batse, dole rarar ta wuce. A can ƙasa kuma ciyawar kachala da yashi sun cushe hanyoyin ruwan, kogin ba ya iya ɗaukar abin da yake ɗauka a da, sai ya fantsama gefe. Haka abin yake a Binuwai. Duk shekara ana ambaton dam ɗin Lagdo na Kamaru, wanda aka gama a 1982, da kuma dam ɗin Dasin Hausa da aka daɗe ana cewa za a gina a Adamawa don ya tare ruwan amma har yau shiru. Gaskiya ne sakin ruwan Lagdo na ƙara wa Yola da Makurɗi da Lokoja nauyi, sai dai ɗora masa laifin duka sauƙaƙa wa kai ne, don kogunan Gongola, Taraba, Donga da Katsina-Ala duk a cikin Binuwai suke juyewa, kuma ruwansu ba ta Lagdo yake biyowa ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da muhallansu, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙiyasta asarar a kan naira tiriliyan 2.6. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600.

Mutanen Yamai ma suna da nasu darasin: kogin Kwara sau biyu yake cika musu a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba da ke zuwa daga rafukan kusa irin su Sirba, akwai kuma wanda ya taso tun daga Gini, ba ya isowa sai sanyi ya shiga. Na farkon shi ne mai ɓarna a 'yan shekarun nan, shi ya ci unguwannin bakin kogi a 2020.

Wani lokaci kuma dam ɗin ne da kansa ke ɓallewa. Tsofaffin Kano ba su manta da Bagauda a 1988 ba. Na kusa-kusa shi ne Alau, a kan kogin Ngadda kusa da Maiduguri, wanda ya ɓalle a daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024. Kafin gari ya waye ruwa ya shiga Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, gidan zu, har ya rushe katangar gidan yari. Hukumomi suka ce abin ya shafi mutum sama da miliyan ɗaya. Abin lura shi ne ba wannan ne karon farko ba. A 1994 ruwan Alau ya taɓa cin Maiduguri. Shekara talatin cif tsakani, wato daidai tsawon lokacin da yaro zai girma, ya yi aure, ya sayi fili a wurin da mahaifinsa ya san ruwa ya taɓa kwanciya, shi kuwa bai sani ba.

Iri na biyu shi ne ruwan saman da ya sauka a kanku bai sami hanyar fita ba. Wannan shi ne na birane, kuma shi ne ya fi yawa, ko da yake ba ya shiga labarai sosai. A tsohon birnin Kano kowace unguwa tana da kududdufinta, ramin da aka haƙi ƙasar gini, wanda ya koma matattarar ruwan damina. Kakanninmu ba su karanta ilimin ruwa ba, amma sun bar wa ruwa masauki. Da fili ya yi tsada aka bi kududdufan nan ɗaya bayan ɗaya aka cike da shara da ɓaraguzai, aka yanka aka sayar. Tsakar gidan da a da ƙasa ce mai shan ruwa yanzu siminti ne ko intalok, rufin kwano ya maye gurbin soro, kwatoci sun cika da leda. Ruwan da a da yake ɗaukar yini yana tsiyaya yanzu cikin rabin sa'a yake taruwa a wuri guda. Wanda gidansa ke kan tsohon kududdufi ko a bakin rafin Jakara ba ya bukatar wani dam ya ɓalle.

Mokwa ta jihar Neja ta nuna iyakar munin irin wannan a ƙarshen Mayun 2025. Ruwan dare ɗaya ne, damina ma ba ta kankama ba, amma ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, mutum sama da 150 suka rasu. Gwamnati ta ce ba daga dam ɗin Kainji ko na Jebba aka sako shi ba. Ruwan sama ne da ya taru ya rasa mafita, da ya samu kuma ya fito gaba ɗaya.

Na uku shi ne wanda ba a gani sai ya gama aiki: ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa. Rijiya ta ciko har baki, shadda ta tumbatsa, daɓen ɗaki ya riƙa gumi, gindin bango ya jiƙe ya fara zubar da gishiri-gishiri. Ginin ƙasa irin wannan ruwan ne ajalinsa, ba sai an ga igiyar ruwa a tsakar gida ba. Ku riƙe wannan na ukun, zai dawo idan mun zo maganar inshora.

To ta yaya mutum zai san matsayin filinsa? A ƙasashen da suka daɗe da tsara abin, taswira ake dubawa. A Amurka hukumar FEMA ta zana yankuna, kowane gida ana iya ganin a wane shiyya ya faɗa. Ma'aunin da suka fi amfani da shi shi ne abin da ake kira ambaliyar shekara ɗari, kuma sunan nan ya yaudari mutane da yawa. Ba yana nufin in ta zo bana sai jikokinka za su sake ganinta ba. Ma'anarsa ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, ko ta zo bara ko ba ta zo ba. Kamar kuri'a ce da ake sake jefawa duk damina. Idan ka zauna a irin wannan wuri shekara 30, lissafi ya nuna yiwuwar ruwan ya same ka aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100, wato fiye da ɗaya cikin huɗu. Idan kuwa wurin irin wanda ruwa ke ci sau ɗaya a shekara 20 ne, cikin shekara 10 kacal yiwuwar ta kai kashi 40, cikin shekara 30 kuma ta kusa 80. Filin ƙanena, a bakin dattijon nan, ba ya ma bukatar lissafi, tunda duk Agusta ne.

Wani abin kuma, duk wannan ƙididdiga da tarihin ruwan baya ake yinta. Yanayi ya sauya, ruwan da ake yi cikin mako yanzu yakan sauka a dare ɗaya, garuruwa kuma sun faɗaɗa. Taswirar da aka zana shekara ashirin baya tana iya kiran wuri tudu alhali titin da aka ɗaga a gefensa ya riga ya mai da shi kwari.

A Najeriya akwai hukumomi biyu da ya kamata mai gida ya san da zamansu. NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina zai yi yawa. NIHSA, mai lura da koguna, tana fitar da hasashen ambaliya kafin damina. A 2024 ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 a sahun masu babban haɗari. Aiki ne mai amfani ga gwamna da shugaban ƙaramar hukuma. Amma ga mai sayen fuloti, a ce masa ƙaramar hukumarsa na cikin haɗari kamar a ce masa akwai ɓarawo a kasuwa ne. A cikin ƙaramar hukuma ɗaya akwai tudu akwai fadama, wani lokaci tazarar taku ɗari ce tsakanin gidan da ruwa ya shiga da wanda ko dakalinsa bai taɓa ba. Daga 2025 hukumar ta fara ambaton garuruwa da unguwanni da sunayensu, wannan ci gaba ne, amma har yanzu ba a kai ga layi-layi ba.

Saboda haka taswirar gaskiya a wurinmu tana jikin ƙasa da bakin mutane. Kada ka sayi fili da ganin rani kaɗai. Dillalai sun san dalilin da ya sa kasuwar fili ta fi ci daga Janairu zuwa Mayu. Ka koma cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafarka, ba aike ba. Ka dubi inda yashi ya kwanta da inda leda ta maƙale a jikin ciyawa, nan ne hanyar ruwa. Ka dubi tsayin dakalin maƙwabta: unguwar da kowa ya yi wa ƙofarsa matakala uku da ɗan shinge na bulo ta riga ta ba ka amsa. Ka leƙa rijiya. Sunan wuri ma shaida ne. Duk unguwar da ake kira Fadama, Kwari, Tafki, Gulbi, Rafi ko Dausayi, ba don ado aka sa mata ba. Kuma ka tambayi wanda ba shi da ko sisi a cinikin: manomin da ya noma wurin, mai unguwa, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin. Tambayar ba ita ce "ruwa na shiga nan?" ba, don kowa zai ce a'a. Ka ce, "Shekarar da aka yi babban ruwa, ina ya tsaya?" Za a nuna maka da hannu.

Mai wayar zamani yana da ƙarin hanya. A manhajar Google Earth ana iya komawa hotunan sama na shekarun baya. Sau da yawa za ka ga inda ake nuna maka fuloti yau, shekara goma sha biyar da suka wuce tafki ne kore shar.

Takarda fa? Nan ma akwai ruɗu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka kuma tana tabbatar da cewa wurin naka ne na tsawon wa'adi. Ba ta ce ruwa ba zai shiga ba. Izinin gini daga hukumar tsara birni, irin KNUPDA a Kano, shi ne ya kamata ya duba tazara daga rafi da magudana. Amma mafi yawan filayen bayan gari awon igiya ne, gona ce aka yanka aka sayar da takardar mai unguwa, babu wanda ya fitar wa ruwa hanya tun farko. Kowa ya zo sai ya tara tifa-tifar jar ƙasa ya ɗaga nasa. Wannan ce amsar tambayar ƙanena ta farko. Cikawa tana ɗaga ɗakinka, amma ruwan da ka kora bai ɓace ba, gidan wanda bai da kuɗin tifa ya koma. Bayan shekara biyar kowa ya ɗaga, sai layin ya zama kogi, kana cikin busasshen ɗaki amma ba ka da hanyar fita, shaddarka kuma a cike. Ga kuɗin fandisho a laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, wadda ke tsaga bango ko ruwa bai shiga ba. In ka haɗa lissafi, arahar filin ta riga ta gudu.

Yanzu inshora. A Najeriya duk kuɗin da ake zubawa a harkar bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, a Arewa kuma abin ya fi haka ƙaranci. Yawancinmu inshorar da muka sani ita ce takardar mota ta naira 15,000 da ake nuna wa jami'an hanya. Ita wannan, a sani, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. In ruwa ya ci motarka ba ruwanta.

Ba a cika sayar da inshorar ambaliya ita kaɗai a nan ba. Tana zuwa ne a cikin inshorar gobara, a matsayin ƙari, tare da guguwa da fashewar bututu da makamantansu, ko kuma a cikin inshorar mai gida wadda ta haɗa gini da kayan ciki. Wannan "ƙari" shi ne wurin da ake faɗuwa. Mutum zai ce ai na yi wa shagona inshora, ranar da ruwa ya shiga a buɗe takarda a ga gobara ce kawai. Sai ka ga kalmar ambaliya da idonka a rubuce a jerin abin da aka ɗauka. Maganar bakin wakili ba ta biyan diyya.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke ɗari-ɗari da ruwa a fili yake. Gobara gida ɗaya take ci, ko biyu, sauran dubu su biya masa. Ambaliya unguwa take ɗauka gaba ɗaya a dare guda. Kuma wa ke neman inshorarta? Na bakin kogi. Na kan tudu ba ya zuwa. Asusun da duk masu zubi za su zo kwasa rana ɗaya ba zai tsaya ba, ko adashi ne. Shi ya sa a Amurka gwamnati ce ta kafa shirin inshorar ambaliya tun 1968, domin inshorar gida ta yau da kullum a can ba ta ɗaukar ruwa, kuma wanda zai ci bashin banki ya sayi gida a shiyya mai haɗari dole ya yi ta. A Birtaniya an kafa wani asusu mai suna Flood Re a 2016 don sauƙaƙa wa gidajen da ke cikin haɗari, amma da gangan aka cire gidajen da aka gina daga 2009 zuwa sama, don kada a ƙarfafa wa mutane gwiwar ci gaba da gini a hanyar ruwa. Mu ba mu da irin wannan asusu. Abin da ke zuwa bayan ambaliya tallafi ne: shinkafa, tabarma, bandir ɗin kwano, wani lokaci 'yan kuɗi. Ana godiya, amma tallafi ba diyya ba ne, ba ya auna abin da ka rasa, kuma ba hakkinka ba ne da za ka kai ƙara a kai.

Doka ta taɓo batun ta wani gefe. Sashe na 65 na dokar inshora ta 2003 ya wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora kan rushewa, gobara, girgizar ƙasa, guguwa da ambaliya, kuma a fassarar dokar har da gidan haya, makaranta, asibiti da wurin kasuwanci. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta maye gurbinta ba tare da janye wajibcin ba. Masu gidajen haya nawa ne suka san da wannan? Sai dai a fahimta, babbar manufar wannan inshora ita ce biyan wanda ya ji rauni ko ya yi asara a cikin gininka. Sake gina maka gidan wata takarda ce daban. Haka shi ma ɗan haya, inshorar mai gida ba ta san da katifarsa da firjinsa ba, sai in shi ya yi wa kayansa.

Akwai sharuɗɗa uku ko huɗu da in mutum bai gane su ba zai rantse an cuce shi, alhali a rubuce suke tun ranar farko. Mafi zafi shi ne na rage ƙima. Inshorar gini ba kuɗin da za a sayi gidanka a kasuwa take kallo ba, tunda ruwa ba ya tafiya da fili. Abin da za a kashe a sake gina shi yau take kallo. A ce sake ginin zai ci naira miliyan 40, kai kuma don kuɗin shekara ya yi sauƙi ka rubuta miliyan 20. Ruwa ya zo ya yi ɓarnar miliyan 10. Za ka zaci tunda 10 ba ta kai 20 ba za a biya ka duka. Ina! Kamfani zai ce rabin gidan ka kawo mana, ɗaya rabin kai ka riƙe wa kanka, don haka rabin asarar za mu biya: miliyan 5. Daga ciki kuma a cire kason farko da aka yi yarjejeniya kai za ka ɗauka a kowace asara. Kuma ba sai ka yi wayo wannan zai same ka ba. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali shekara guda kafin nan bai wuce rabin haka ba. Wanda ya rubuta ƙimar gaskiya shekara uku baya bai sabunta ba, yau rabin gidansa ne ke da inshora bai sani ba.

Sai faɗin gaskiya. Fom zai tambaye ka ko ruwa ya taɓa shiga wurin, da tazararka da kogi ko rafi, da irin kayan da aka yi ginin da su. In ka ɓoye, ranar biya za a turo mai tantance asara, shi kuma abin da zai fara yi shi ne abin da na ce ka yi tun farko: ya dubi zanen da ke jikin katanga, ya tambayi maƙwabta. Da ya gano, takardar ta mutu. In kuma ka faɗi gaskiya cewa duk Agusta ruwa iya cinya, kamfani zai ƙi ɗaukar ambaliyar, ko ya tsuga kuɗi. Inshora abin da ka iya faruwa take ɗauka, ba abin da kowa ya san zai faru ba. Wannan ce amsar tambayar ƙanena ta biyu.

Ruwan nan na uku da na ce a riƙe, mai tsattsafowa daga ƙasa yana cin gindin bango a hankali, yawancin takardu ba sa lissafa shi a ambaliya. Lalacewa ce ta sannu-sannu, ta mai gida ce. Ginin ƙasa ma ba kowane kamfani ke karɓa ba, wanda ke nufin waɗanda ruwa ya fi rusa wa gidaje su ne inshorar ta fi nisa da su. 'Yan kasuwa kuma su duba sharaɗin ajiya: wasu takardun sun ce dole kaya su kasance a kan katako, sama da daɓe da wani tsayi. Buhunan da aka jibge a ƙasa ba a biya. Sannan ƙa'ida ce a Najeriya cewa in ba a biya kuɗin inshora ba babu kariya, ko da an cike fom an sa hannu. Wanda ya bari sai an sanar da sakin ruwan dam sannan ya nufi ofis, ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da ke ran mai karatu da yawa tun ɗazu: halal ce? Malamai da dama sun yi magana kan inshorar da aka saba, saboda riba da garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, da kamannin caca. Don haka ne aka samar da takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979. Tsarinta shi ne mahalarta su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, wanda musiba ta samu a cire a ba shi, kamfani wakili ne mai kula da asusun ana biyansa ladan aiki, ba a juya kuɗin a harkar riba, in shekara ta ƙare da rara kuma a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A ganina wannan ya rage hujjar zama haka nan. Mu da muka saba da gayya da adashi da gudummawar biki, ba baƙon abu ba ne a wurinmu a tara don wanda abu ya samu. Amma kada sunan ya sa a yi sakaci da karatu: sharaɗin rage ƙima, da kason farko, da faɗin gaskiya, duk suna nan a takaful kamar yadda suke a ɗaya. Manomi kuma tasa hanyar daban ce, akwai hukumar NAIC ta inshorar noma, wadda ke ɗaukar amfanin gona da dabbobi.

In an yi inshorar kuma ruwan ya zo, abin da ke raba wanda aka biya da wanda aka yi ta ja masa rai yawanci shaida ce. Hoton gidan da kayan ciki tun kafin damina, rasiɗai, takardar inshorar kanta, duk a ɗauke su a waya a tura wa wani ɗan'uwa a wani gari, don a Maiduguri mutane da yawa da kayan jikinsu kawai suka fita, takardu suka narke a cikin akwati. A sanar da kamfani cikin kwanakin da takarda ta ƙayyade. A ɗauki hoton inda ruwa ya tsaya a bango kafin a wanke, kada kuma a zubar da kayan da suka lalace sai mai tantancewa ya gani. In aka ƙi biya ba bisa ƙa'ida ba, NAICOM tana da sashen karɓar koke. Tun wurin saye ma ya kamata a tabbatar kamfanin da dillalin inshorar suna da rajista, don takardun bogi sun yi yawa.

Ƙanena dai bai saya ba, ko da yake ya yi kwana biyu yana cewa na hana shi arziki. Ya ƙara kuɗi ya sayi rabin fuloti a wani tudun jigawa, nesa da titi. Cikin Agusta ya bi ta tsohon wurin a kan babur ya turo mini hoto: ruwa ne fari fat daga bakin titi har gindin katangar nan, ya tsaya daidai bulo na huɗu, yara biyu tsirara suna kamun tarwaɗa da kwando. A tsakiyar ruwan ga kan tulin bulo sabo ya leƙo, wani ya saya har ya sauke kayan aiki. Ya kira dillalin don tsokana, shi kuwa ya ce masa saura fuloti biyu a layin, kuma kuɗin ya ƙaru.